Madubi a Zauren Ƙaraye

Zauren gidan kamu 7 ne a faɗi, kamu 8 a tsawo. Babban ɗan gidan bai san haka ba sai da ya haura shekara 40, duk da cewa a cikinsa ya koyi wanke allo, a cikinsa kuma ya kwana shekarun samartakarsa. Kakansa ne ya sa aka gina shi a cikin garin Ƙaraye, ginin tubali da azara, da baka biyu da suka gitta juna suka ɗauki rufin. Daga baya an shafe bangon da siminti, an ɗora kwano a sama saboda yoyo, amma ba wanda ya taɓa ƙara masa ko taƙi guda. Ƙofar waje tana duban yamma, da dakali a gefenta. Ƙofar shiga gida kuwa tana jikin bangon arewa, can a lungun gabas. Kayan cikinsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba: tabarmi biyu, buzun maigida, buta, da alkukin da a da ake ajiye fitila, yanzu kuma ake cusa rediyo.

A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Ƙaraye na cikinsu, tare da Bichi da Rano da Gaya. Garin ya ɗauki wani irin ɗoki. Ana fenti, ana gyaran ƙofofin gidaje, 'yan garin da ke aiki a birni suka riƙa zuwa da abokai don su ga mahaifarsu. Shi ma ya zo da nasa, mutum uku daga wurin aikinsa a Kano. Mahaifinsa, tsohon malamin firamare da ya koma gona bayan ritaya, ya karɓe su a zaure kamar yadda yake karɓar kowa. Ɗaya daga cikin baƙin, mai jiki ne kuma cikin babbar riga, ya sha fama kafin ya kai ƙasa, ya kuma sha wani faman kafin ya miƙe. Ba wanda ya ce komai. A hanyar komawa ne mutumin ya yi raha cewa ya kamata a tausaya wa gwiwoyin baƙi. An yi dariya, ɗan gidan ma ya yi, amma maganar ta kwana a ransa.

Ba adalci ba ne a ce kunya ce kaɗai ta tura shi. Akwai ƙauna a ciki, irin ta ɗan da ya ga mahaifinsa ya ƙare ƙarfinsa a kan alli da fartanya, yana so a ga alamar cewa wahalar ba ta faɗi ƙasa banza ba. Da albashin wata biyu da ɗan rance ya shiga wani babban shagon kayan ɗaki a Kano. Irin waɗannan shaguna suna da wata yaudara da ba laifin mai shago ba ce: rufinsu na da nisa, filinsu na da faɗi, saboda haka kowace kujera takan yi kama da ƙarama. Ya zaɓi kushin na zaman mutum 7, wato doguwa mai cin mutum uku, da mai cin biyu, da ƙanana guda biyu. Ya haɗa da teburin gilashi, da madubi mai tsawon ƙafa 6 wanda aka yi wa baki da ruwan zinare. Bai auna komai ba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya shekara 20 yana kallon falon birni ya riga ya sauya mudu bai sani ba.

Doguwar kujerar ta ƙi shiga. Sai da aka kwance ƙafafunta, aka cire ƙyauren ƙofa, aka karkata ta, sannan ta wuce tana goge bango. Yaran unguwa sun taru suna kallo. Da aka gama jerawa, filin da ya rage a tsakiya bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, teburin kuma ya cinye rabinsa. Madubin aka kafa a bangon kudu, domin nan ne kaɗai bangon da ba ƙofa ba taga. Maigidan ya tsaya ya dubi kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.” Daga nan ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ɗan sararin da ya saura, ya zauna.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai iya hasashensa, ban da wanda ya sayi kayan. Tunda maigida na ƙasa, ba yaron da zai hau kujera ya fi shi tsawo. Tsofaffin ɗalibansa da ke zuwa gaisuwa, wasu da furfurarsu, sukan durƙusa a matsatsin da ke tsakanin tebur da kushin, su jingina bayansu da ƙafar kujera. Zauren da a da yake ɗaukar mutum goma sha biyu a zaune sai ya koma ba ya ɗaukar biyar, ga wurin zaman mutum 7 a sama babu kowa. Ƙanen maigida, wanda ya saba shigar da babur ɗinsa zaure da daddare, ya koma roƙon maƙwabci. Da kaka ta yi, dammunan dawa ba su iya wucewa ba sai an kwance su a waje. Kyanwar gidan ce kaɗai ta ci moriyar kushin yadda ya kamata.

Manazarta ginin Hausa sun yi bayani mai yawa a kan abin da ke ƙayyade girman ɗaki a gargajiyance. Azarar giginya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 1.8 ba tare da tallafi ba, don haka magini ko dai ya riƙa turo azara daga bango hawa-hawa, ko ya ɗaura baka. Da wannan dabara ta baka ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe faffaɗan fili a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Friedrich Schwerdtfeger ya bi gidajen Zariya yana aunawa, J. C. Moughtin ya fitar da littafinsa kan ginin Hausa a 1985, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya bibiyi yadda maginan da kansu suke fahimtar kyau a aikinsu. A zanen gidajen da irin waɗannan ayyuka suka kawo, mai lura zai ga abu guda yana maimaituwa, wato ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna. An goce su da gangan, don wanda ya tsaya a titi ko ya zauna a zaure kada idonsa ya zarce tsakar gida. Inda hali ya samu akan ƙara da shigifa da farfajiya. Inda babu, kamar wannan gida, gocewar ƙofa da asabari su ne duk katangar da ke tsakanin baƙo da matan gida. Umarnin neman izini kafin shiga gidan wani, wanda ya zo a aya ta 27 ta Suratun Nur, da ladabin kada mai sallama ya tsaya saitin ƙofa, magini ya mayar da su laka da azara, ta yadda ko baƙon da bai san ladabin ba ginin zai kiyaye masa shi.

A wannan zaure, al'adar baƙi ita ce su zauna a jikin bangon arewa, bangon da ƙofar ciki take, su ba cikin gida baya. Shekara da shekaru abin da ke gabansu farin bango ne. Yanzu kuwa gilashi ne mai ƙafa 6.

Uwargidan ce ta fara ganewa. Mutuniyar Rogo ce, an kawo ta Ƙaraye tana da ƙuruciya, kuma tun daga lokacin turminta yana gindin darbejiyar da ke saitin ƙofar zaure, inda inuwa ke kaiwa har azahar. Wata hantsi, yara sun ɗage asabari sun bar shi a naɗe, tana daka da ɗaurin ƙirji, ta ɗaga kai. Can cikin duhun zaure, a inda ta san bango ne, sai ta yi ido huɗu da wani dattijo abokin mijinta. Shi bayansa ya ba ta, amma fuskarsa na kallonta. Madubi ba ya nuna wa ɓangare ɗaya ya ɓoye wa ɗaya: duk wanda ka hango idonsa a ciki, shi ma ya hango naka. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya gaggauta sallama, ya yi makonni bai sake tako gidan ba. Ita kuma ta sa aka mirgina turmin zuwa bayan rumbu, inda rana ke duka tun safe, ta koma yawo da mayafi a tsakar gidanta.

Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, kuma a nan ne lamarin ya fi nauyi. Wanda ya kawo madubin ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi doguwar hira, idan ya gaishe ta takan amsa tana duban wani wuri. Macen da kunya ta hana ta yabon ɗanta a fili, ta yaya za ta buɗe baki ta kushe kyautarsa ta farko mai girma? Maigidan, wanda bai rasa fahimtar abin da ya faru ba, sai ya ɓullo ta wata hanya. Ya ce shi dai ya taso ya ji ana cewa ba a duba madubi da dare, ya sa aka riƙa lulluɓe shi da tsohon bargo daga magariba. Sannu a hankali aka riƙa mantawa ba a yaye bargon da safe. Mutumin da ya shekara 35 yana yaƙar camfi a aji, ga shi ya fake da camfi don ya kare matarsa ba tare da ya karya zuciyar ɗansa ba. Duk ranar da aka ji ɗan zai zo, sai a yaye, a goge ƙura, uwar kuma ta ɗauko mayafinta.

Ga masu sha'awar ƙirar kalma, madubi sunan kayan aiki ne daga aikatau duba, kamar mabuɗi daga buɗe. Sunan bai faɗi wa ake dubawa ba. Mai saye yakan ɗauka kansa zai gani, ya manta cewa na'urar ba ta san mai ita ba.

Da wataƙila an ci gaba da wannan rufa-rufa har kayan su tsufa, in ba don rasuwar da aka yi ba. Yayar maigidan, wadda ta dawo gidan da zama bayan mutuwar mijinta, ta cika cikin dare a tsakiyar damina. Aka sa jana'iza ƙarfe 9 na safe. Ɗan ya baro Kano da asuba, ya iso ana haɗa ta. An ɗauko makara daga masallaci, kuma da yake ba kowa a kanta, an shigar da ita a karkace ba tare da wahala ba. Fitowa ce ba ta yiwuwa a haka. Makara mai ɗauke da mamaci a kwance take fita, da mutane a gaba da baya, kuma a wannan zaure dole ta shigo ta ƙofar arewa ta yi kwana ta fuskanci yamma. Daidai wurin kwanar nan doguwar kujera take.

An fitar da tebur da ƙananan kujeru cikin hanzari. Doguwar ta tsaya a bakin ƙofa, kamar yadda ta yi ranar shigarta. Aka shiga neman abin kwance ƙafafunta, aka aika yaro gidan wani mai gyaran babur. A waje mutane sun riga sun tsaya, liman ya iso, hadari na haɗowa daga gabas. A ciki mata sun yi shiru da kukansu suna jira, gawar kuma tana ajiye a bakin ƙofar da ba ta iya wucewa. Bai fi rabin sa'a ba, amma a wurin mutanen da aka hora da gaggauta kai mamaci makwancinsa, rabin sa'a ba ƙaramin abu ba ne. Shi da kansa ya durƙusa yana murza ƙusoshin, hannunsa na rawa, gumi na ɗiga a kan yadin da ya biya kuɗinsa. Wani tsoho da ke riƙe da ɗaya gefen kujerar ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai magana da kansa, “Wanda ya gina zauren nan ya san da wannan rana, ya bar mata wurinta.” Mahaifinsa na tsaye a gefe da carbi, bai dube shi ba, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen ba.

Kwana ukun zaman makoki an yi su a kan tabarmi, kujerun na jibge a rumfar maƙwabci an rufa musu leda. Zauren ya riƙa cika yana fanko, ya ɗauki jama'ar Ƙaraye da ta ƙauyuka ba tare da an ji matsi ba. A dare na biyu ne ƙanwarsa ta same shi a bayan gida ta ce, “Yaya, ka san dalilin da Inna ta bar gindin darbejiya?” Bai ma lura ta bari ba.

Cikin masu ta'aziyya akwai ƙanen mahaifiyarsa, kafinta ne a Rogo, wanda yawancin aikinsa ƙyamare ne da bencin masallaci da gadajen amare. Ɗan ya ja shi gefe ya ce, “Kawu, ina so a gyara abin da na ɓata, amma ban san ta inda zan fara ba.” Kawun bai zo da tef ba. Ya tsinko karan dawa guda biyu daga danni, ya auna su da damtsen hannunsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya yanke ɗaya daidai tsawon makara da ɗan ƙari, ɗayan daidai faɗinta da kafaɗun masu ɗauka. Ya shiga ta ƙofar ciki riƙe da su a gicciye, ya yi kwana a hankali, ya fita ta ƙofar waje, yaro na bin sa yana zana iyakar da gawayi. Da ya gama, kusan kashi biyu cikin uku na ƙasan zauren yana cikin layi.

“Ka ga nan, ɗana,” in ji shi, “ba naka ba ne, ba na babanka ba ne. Hanya ce. Ta nan amarya ke shiga da kayanta, ta nan buhu ke shiga, ta nan kuma kowa zai fita. Abin da ya ragu bayan layi, shi za ka yi wa ado.”

Abin da ya ragu siririn wuri ne a jikin bangon kudu, da lungu ɗaya. A siririn wurin ya ƙera benci na katako mai faɗin taƙi 2, tsayinsa bai kai gwiwa ba, mara nauyi, wanda yara biyu za su iya fitarwa ba tare da an kwance komai ba. A nan kawun ya ba ɗan gaskiyarsa, domin abokin nan mai babbar riga bai yi ƙarya ba: tsofaffi na fama da gwiwa, kuma maigidan kansa ya fara sallar nafila a zaune. Saboda haka aka dawo da ƙaramar kujera guda ɗaya aka sa a lungu. An sha lallashi kafin maigida ya yarda ya hau ta. Da ya hau, sai komai ya koma wurinsa: shi a sama, sa'o'insa a benci, yara a tabarma.

Madubin ne ya fi ɗaukar shawara. Ɗan ya so a fitar da shi gaba ɗaya, kawun ya ce ai mai fita masallaci yana son ya ga zaman hularsa. A ƙa'idar haske, madubin da ya kai rabin tsawon mutum ya isa ya nuna shi daga kai har ƙafa, ko ya matso ko ya ja baya, don haka ƙafa 6 ɓarna ce ko a ɗakin kwana. A zaure kuwa fuska da wuyan riga kawai ake bukata. Aka kai shi wurin mai yankan gilashi aka fitar da ɗan yanki, taƙi 2 a tsaye, taƙi 1 a kwance. Sai kawun ya kafa shi a bangon arewa, wato bangon da ƙofar cikin gida take, kusa da ƙofar fita, bisa hujjar cewa madubi ba ya iya nuna abin da ke bayan bangon da yake jingine. Bai tsaya a kan hujjar ba. Ya sa wata yarinya ta tsaya a gindin darbejiya da jan ɗankwali a hannu, aka naɗe asabari, shi kuma ya bi kowane gurbi na zauren, ya zauna, ya tsuguna, ya miƙe, yana leƙen gilashin. Bai ga ja ba. Bencin ma sai da ya ja shi can yamma, nesa da saitin ƙofar, don mai zama a kai kada ya hango ciki kai tsaye.

Sauran kayan ba su yi asara ba. Bayan shekara aka ɗaura auren ƙanwar, aka kai ta Rogo, aka haɗa mata da doguwar kujera da mai cin mutum biyu da tebur da babban ɓarin madubin, wanda kawun ya yi wa sabon baki. Ɗakin amarya na da nasa ma'aunin dabam. Tun zamanin jeren ƙore, zuwa na kwanoni da fanteka, zuwa na tangaran da kabet mai gilashi, kyansa a cika yake, kuma madubi a can yana ninka jere ne a idon 'yan ganin ɗaki. Kujerar da ta toshe zaure a Ƙaraye, 'yan jere a Rogo sun dube ta sun ce ba laifi, da dai ta ɗan fi haka girma.

A 2024 an rushe masarautun nan, aka sake kafa ta Ƙaraye a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Ɗan gidan ya ji labarin a rediyon mota yana kan hanyar zuwa gida. Har yanzu idan ya shiga zauren yakan ji kamar da saura, idonsa na kai wa ga farin bangon kudu yana raya masa abin da za a iya ratayawa. Ya taɓa kawo zancen agogon bango, mahaifinsa ya ce ladan na nan.

Ranar wata Juma'a ya zauna a tabarma yana jiran su tafi masallaci. Tsohon ya miƙe daga kujerarsa da ƙyar, ya tsaya gaban ɗan madubin, ya karya hularsa ta gefe, ya sake gyarawa. Daga ciki ana jin lugude, kuma sautin daga gindin darbejiya yake fitowa. Da yamma, da ya shiga yin sallama, ya tarar an ɗaure masa kuka da daddawa da kwalbar man shanu, fiye da yadda aka saba. Mahaifiyarsa na tankaɗe, ba mayafi, ba ta ɗago ba.

“A gaida mutan gidan,” ta ce. “Allah ya kiyaye hanya.”